Kwandunan furanni bayan sanyi: littafin aikin lambuna a Leeds, arewacin Ingila

Asabar, 8 ga Maris, 2025

Yau na sauke kwandunan furannin da ke rataye a jikin bango tun watan Oktoba. Guda huɗu ne, biyu a bakin ƙofar gaba, biyu a bayan gida wajen tagar kicin. Dusar ƙanƙarar farkon Janairu ta kwanta a kansu, guguwar 24 ga Janairu da aka laƙaba wa Éowyn ta wujijjiga su har ɗaya ya karkace. A layinmu abin da aka saba shi ne a juye komai cikin bolar ganye, a jira Mayu a sayo sababbi a kanti. Bana na ƙudurta ba zan bi wannan hanya ba. Zan ware matacce da mai rai, mai rai ya koma ƙasa, kwandunan kuma in cika su da abin da na adana tun bara, sai ɗan abin da ba makawa in saya.

Da kaka na zuba musu fansi da ƙanwarta fiyola, da firimros, da saikilamen, da hukera mai jan ganye, da aibi mai yaɗo, sannan a ƙarƙashi na binne albasar ƙaramin dafodil. Saikilamen dai ya tafi. Na danna kansa na ji ya yi luguf, ruwa na tsatsowa. Irin da ake sayarwa don kwando asalinsa daga gabashin Bahar Rum yake, yana jure ɗan sanyi amma ba ya jure daskarewa, balle a kwando. Shukar da ke ƙasa sanyi ta sama kawai yake samunta. Wadda ke rataye kuwa ta kowane ɓangare iska ke bugun saiwarta, shi ya sa abin da ya rayu a komi yake mutuwa a bango alhali tsakaninsu taku biyu ne.

Sauran duk da ransu. Fansi ta yi yaushi amma akwai sabon toho a gindinta, dafodil ya leƙo har ya fara kumburin fure. Don haka ban juye ko ɗaya ba. Na tsince ruɓaɓɓen ganye, na datse dogayen rassa, na ba su ruwa da ɗan taki a ciki. Maigida ya duba ƙarafan rataya, ya tarar sukuru biyu sun saki a bangon gaba, ya sake su. Kwando cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ƙaramin nauyi gare shi ba, kuma a saman kan baƙi yake. Da azumi a baki, nan muka tsaya.

Lahadi, 16 ga Maris

Hukerar kwandon baya ce ta tona asiri. Na kama ganyenta zan gyara, sai ta biyo hannuna gaba ɗaya, ba saiwa ko ɗaya a ƙarƙashinta. Na juye kwandon a kan leda, sai ga tsutsotsi farare masu kai ruwan ƙasa, kowacce a lanƙwashe, tsawonta bai wuce santimita ɗaya ba.

Uwarsu wani baƙin ƙwaro ne mai dogon baki da masu lambu a nan suka fi tsana. Ba ya tashi sama, tafiya yake yi, da dare yake fitowa, ya hau bango ya shiga kwando kamar an gayyace shi. Dukkansu mata ne, kowacce kuma na iya zuba ɗaruruwan ƙwai a gindin shuka cikin watannin zafi. Babban ƙwaron gefen ganye kawai yake gutsura, wannan ba ya kashe shuka. 'Ya'yan ne ke ɓarna: tun daga kaka har zuwa yanzu suna can ƙasa suna cin saiwa, sama kuma ganye lafiya lau saboda a sanyi shuka ba ta shan ruwa sosai. Sai rana ta fara zafi shukar ta nemi ruwa ta rasa da abin da za ta sha, ta kife dare ɗaya. Mutum ya ɗora wa sanyi laifi, ya sayo wata ya dasa a cikin ƙasar nan mai tsutsa. Hukera da firimros da saikilamen da fushiya su ne abincin da suka fi so, ga shi kusan duk na tara musu a wuri guda.

Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a juye kowane kwando a duba bayan sanyi, ko da samansa na da kyau. Na tsince tsutsotsin na zuba a faranti a kan katanga, tsuntsun nan mai jan ƙirji ya share su kafin la'asar. Ƙasar wannan kwando ba za ta koma wata tukunya ba. Na baza ta siriri a kan leda tsuntsaye su ƙarasa aikin.

Ita hukerar ban yar ba. Na wanke gindinta, na rage ganyen, na soka ta a sabuwar ƙasa a inuwa, domin takan sake fitar da saiwa in kututturen bai ruɓe ba. Sauran kwanduna uku da tukwanen bakin ƙofa na yi musu odar nematod, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu shiga jikin tsutsar su kashe ta. Gari ne a leda, a firji ake ajiye shi, a dama da ruwa a zuba. Akwai irin da ke aiki tun ƙasa na digiri 5, shi ya dace da Maris a Yorkshire, yankin da Leeds ke ciki. Sharaɗinsa kada ƙasar ta bushe har mako biyu.

Asabar, 22 ga Maris

Na fito da abin da na adana tun Oktoba a ɗakin ajiya: jeraniyam da fushiya a tukwanensu, da kawunan begoniya a cikin kwali. Maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, itacen girki kike tarawa?" Da gaskiyarsa, ƙirare ne kawai a tsaye. Amma da na kankare bayan reshen fushiya da farce, kore shar ne a ciki. Wanda na kankare na ga ruwan ƙasa a bushe, na bi shi da almakashi har inda koren ya fara.

Jeraniyam na datse zuwa kamar santimita 10, na kakkaɓe tsohuwar ƙasa, na sa sabuwa, na jera su a bakin tagar da ke kallon kudu. Ruwa kaɗan-kaɗan tukuna. Shukar da ba ta da ganye ba ta da inda za ta kai ruwan, sai ya zauna ya ruɓar da ita. Biyu daga cikinsu sun kwana a falo duk tsawon sanyi, sun yi dogayen rassa, su na yanka don dashe, a ƙasan gaɓa, na cire ganyen ƙasa, na soka a gefen tukunya kamar yadda ake dasa karan rogo. Ba a rufe jeraniyam da leda yadda ake wa fushiya, laima na kashe shi.

Kawunan begoniya kuwa gefen da ya loɓa shi ne sama. Na ɗora su a kan ƙasa mai ɗan danshi ba tare da na binne su sosai ba, na ajiye a inda ɗumi ya kai digiri 18.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka tura agogo gaba da awa ɗaya, Sallah kuma ta rabu biyu a gari, wasu jiya wasu yau. Baƙi sun yaba kwandunan ƙofa. Dafodil ya buɗe, fansi ta cika ta batse. Kwandunan da aka so a zubar farkon wata ke nan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kantuna sun cika da furannin zafi. Fetuniya, lobeliya, begoniya, jeraniyam, duk a jere a waje cikin rana, mutane na lodawa a but ɗin mota. Ina ganin wannan ciniki akwai rashin tausayi a ciki, domin mai kanti ya san da dare zai shigar da nasa ko ya lulluɓe, mai saye kuwa zai rataye a bango ya je ya kwanta.

Bana rana ta yi yawa, sama garau ba gajimare, ruwa ya ɗauke. Irin wannan sarari shi ke kawo sanyin dare, don ba abin da zai tare ɗumin da ƙasa ta tara da rana. Ma'aunin da na rataye a katanga ya sauka digiri 2 da asuba cikin makon nan, gilashin mota kuma ya yi fari da daskararriyar raɓa. Waɗannan furanni kuwa babu ɗan ƙasa a cikinsu. Jeraniyam da lobeliya daga kudancin Afirka aka kawo su, fetuniya daga Kudancin Amurka, dangin taba da tumatir ce, marigol daga Meziko, yawancin fushiya daga tsaunukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Dare ɗaya na daskarewa ya ishe su. A arewacin Ingila ba a sakin jiki da raɓar nan sai ƙarshen Mayu, wani lokaci har farkon Yuni.

Na saya, amma ƙananan 'yan tsiro masu arha, lobeliya da fetuniya mai zubowa, na mayar da su tukwane na jera a taga. Na kuma shuka irin marigol a tire. Bakin tagogin gidan nan duk sun cika, Auta na ƙorafin ba inda zai ajiye littafi.

Fushiya ta fitar da ganye. Duk reshen da ya yi ganye bibbiyu hawa uku na tsinke kansa da farce, don ya rabu biyu. Kowane tsinka na jinkirta fure da kusan wata biyu, amma yana ninka yawan rassa, fure kuwa a bakin reshe yake fita. Zan sake yi sau ɗaya a farkon Mayu in bari.

Asabar, 26 ga Afrilu

Firimros ta gama fure, yau na fitar da ita daga kwandunan baya. A kanti ana sayar da ita kamar abin kwana kaɗan, alhali shuka ce mai shekaru. Kowane gindi na tarar ya zama uku ko huɗu a manne. Na raba su da hannu, kowanne da saiwarsa, na wanke na duba ko akwai tsutsa, na rage ganye, na dasa a gindin katangar arewa inda inuwa da danshi suke. A can za su yi shiru duk lokacin zafi, baɗi su yi fure, in kuma na so in ɗebo wasu da kaka in mayar kwando.

Dafodil ma na cire, da ganyensa da ƙasar da ke jikinsa. Na tsinke busasshen fure don kada ya ɓata ƙarfi wajen yin iri, ganyen kuwa ba a yanke shi, ba a ɗaure shi, sai ya yi aƙalla mako shida bayan fure ya bushe da kansa. Da shi albasar ke tara abincin baɗi. Na binne su a komin gaba, zurfin ya ninka tsayin albasar sau uku. Ganyen ba kyan gani yanzu, haka zan haƙura.

Aibi zai koma kwando. Na datse rassan da iska ta ƙona, na rage saiwar da ta nannaɗe, na ajiye shi a tukunya. Tsohuwar ƙasar kwandunan da ba su da tsutsa na baza a komi. Takinta ya ƙare, ba za ta ciyar da fetuniya wata huɗu ba, amma tana sassauta ƙasar laka irin ta bayan gidanmu. Kwandunan kansu na wanke da ruwan zafi da sabulu na shanya.

Asabar, 3 ga Mayu

Ranar Alhamis zafi ya kai digiri 29.3 a lambun Kew da ke Landan, ba a taɓa auna irinsa a ranar 1 ga Mayu ba. Nan ma mun ji a jikinmu. Rabin layin sun rataye kwandunansu. Maƙwabciyata, dattijuwar Baturiya da ta fi shekara arba'in tana lambu a gidan nan, ba ta fitar da ko ɗaya ba. Ta ce ita ba ta ratayewa sai an tashi daga bajekolin furanni na Chelsea, wanda bana zai kama 20 zuwa 24 ga wata, kuma ko bayan nan sai ta saurari hasashen dare. Ga shi yau har iska ta juya ta arewa, sanyi ya dawo.

Na dasa kwandunan baya biyu, amma a cikin gida za su zauna. Kowanne faɗinsa santimita 35. Na ɗora shi a bakin bokiti don kada ya mirgina, na shimfiɗa zaren kwakwa, na sa wani tsohon faranti a ƙasa ya riƙe ruwa. Cikin ƙasar na gauraya takin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke narkewa a hankali. Lobeliya na cusa ta gefe, daga ciki zuwa waje, na naɗe ganyen da takarda don kada ya karye. Sama jeraniyam ɗaya a tsakiya, fushiya da fetuniya a kewaye, aibi a baki. Masu ƙarfin girma irin waɗannan biyar ko shida sun isa kwando, in aka cusa fiye da haka ƙishirwa za su yi ta yi. Na bar kamar yatsa biyu tsakanin ƙasa da bakin kwando, wurin zaman ruwa.

Ƙasar buhun da na saya babu fit a cikinta, wato baƙar ƙasar fadamun da ake haƙowa ana lalata su. Tun 2022 gwamnati ta sanar da niyyar hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila, kantuna da yawa kuma sun riga sun koma ta ɓawon itace da zaren kwakwa. Halinta daban ne: samanta na bushewa fari fat alhali ciki jiƙe yake. Ido ba ya faɗin gaskiya a kanta, sai an soka yatsa ko an ɗaga kwandon an ji nauyinsa.

Asabar, 17 ga Mayu

Mako guda ke nan ina fitar da su da safe ina shigar da su da magariba. Shukar da ta tashi a bayan gilashi ganyenta taushi ne da shi, ba ta san iska ba, ba ta san rana kai tsaye ba. In aka fitar da ita farat ɗaya ganyen kan yi fari ya ƙone, ta tsaya cak ta daina girma. Mako biyu zuwa uku ake ɗauka ana saba mata. Kwanakin farko a inuwa jikin bango na ajiye su, yanzu suna shan rana rabin yini. Daga gobe za su kwana a waje da farin mayafin lambu a kansu, sai in an ce dare zai sauka ƙasa da digiri 5.

Darɓa ta sauka a kan tohon fushiya. Na murje da yatsa na wanke da ruwa.

Fansin ƙofar gaba ta fara gajiya. Zafi ba nata ba ne, ta miƙe ta yi dogayen ƙafafu, furen ya ƙanƙance. Fansi za ta tafi ramin taki. Fiyola ta fi ta juriya, ita zan datse ta rabi in kai ta inuwa.

Asabar, 31 ga Mayu

An rataye. Na baya biyu tun Laraba, na gaba biyu yau bayan na juye su na sake dasawa da jeraniyam ɗin da na yanka a Maris. Bakwai suka kama cikin goma. Begoniya na kai kwandon da ke gefen da rana ba ta daɗewa, domin ita da fushiya sun fi son inuwa-inuwa, jeraniyam da fetuniya kuwa rana suke so tun safe. A kwandunan gaba ban ga tsutsa mai rai ko ɗaya ba.

Komin gaba ma na gyara. Na tuge ɗan shuɗin furen nan mai zubar da iri da kansa, na kakkaɓe shi a wurin don ya fito baɗi, na dasa marigol tazarar tafin hannu ɗaya da rabi. Ruwan da ya sauka cikin makon nan ya taimaka, amma da na tona ƙasa rabin yatsa kawai ya jiƙa. Sai da na cika kowane rami da ruwa ya tsotse kafin in sa shukar. Ruwan ya kuma tado dodon koɗi, marigol kuwa abin marmarinsu ne, don haka bayan isha'i ina zagayawa da tocila.

Hukerar da ta rasa saiwa ta yi sabon ganye uku. Na ja ta a hankali ta ƙi tasowa.

Asabar, 14 ga Yuni

Hukumar hasashen yanayi ta ce watannin Maris zuwa Mayu na bana su ne mafi ɗumi da yawan rana da aka taɓa aunawa a Birtaniya, a Ingila kuma ba a ga ƙarancin ruwa irin wannan ba tun 1893. Shekaranjiya, 12 ga wata, aka ayyana fari a Yorkshire. Aikin yanzu ya koma na ruwa.

Kwando ƙasarsa kaɗan ce, bakunan da ke sha da yawa, iska na busar da shi ta ko'ina, rufin gida kuma na tare masa ruwan sama. Ko an kwana ana ruwa sai na duba. Ina ba su bayan sallar asuba, a hankali, sai na ga ya fara ɗiga ta ƙasa, ranar zafi kuma in ƙara da yamma. Hidimar Babbar Sallah ta sa na baya ɗaya ya bushe ƙayau, ƙasar ta janye daga gefe, ruwa na bi ta nan yana zubewa ba ya shiga. Irin wannan zubawa ta sama ba ta yi masa komai. Na sauke shi na tsoma a baho kusan awa ɗaya, ya kwana a inuwa, da safe ya miƙe, sai lobeliyar gefe ɗaya da ba ta dawo ba. Ita in ta bushe sau ɗaya da wuya ta yafe.

Na fara ba su takin tumatir na ruwa mako-mako, shi ne mai yawan sinadarin fotash da ke sa fure. Ba na zuba shi a busasshiyar ƙasa, sai na fara da ruwa zalla.

Asabar, 12 ga Yuli

Daga jiya an hana ban ruwa da tiyo a Yorkshire, tarar na iya kaiwa fam 1,000. Buta ba a hana ba. Duron da ke ƙarƙashin indararo ya kusa ƙafewa, don haka ruwan wankin kayan miya da na shinkafa duk a bokiti nake tarawa. Kwandunan gaba na sauke su na mayar bangon gabas, su sha ranar safe su huta da ta yamma, a ƙarƙashin kowanne kuma na ajiye tukunyar shuka ta tari abin da ke ɗigowa.

Jeraniyam ko a jikinsa, wannan yanayi nasa ne. Fushiya ta buɗe tun farkon wata amma tana zubar da fure in zafi ya tsananta. Fetuniya na bin ta kullum ina tsinke wanda ya yi yaushi har da ƙoƙon irin da ke bayansa, in ba haka ba ta ɗauka ta gama aiki. Rassan da suka yi tsawo suka tsiraita a gindi na datse sulusinsu, sauran sai mako mai zuwa, don kada kwandon ya zauna ba fure gaba ɗaya. Firimros a gindin katanga ta kwanta, ina ba ta buta ɗaya a mako don kada ta mutu.

Abin da na saya bana: ƙasa buhu biyu, shimfiɗar kwakwa, 'yan tsiron lobeliya da fetuniya, irin marigol, taki, da nematod. Sauran duk na bara ne.

Na ga gutsure a gefen ganyen fushiya jiya da dare, wato baƙin ƙwaron ya dawo yana zuba ƙwai. Na kama biyu da tocila. Nematod zagaye na biyu sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da tsutsar ke ƙanana, kuma sai in tabbata ina da ruwan da zan riƙe ƙasar da danshi mako biyu. A Agustan ne kuma zan yanki rassan jeraniyam da fushiya na baɗi.